Ni da Linux: Kayan Kyauta da Ya Rasa Masu Ɗauka

Ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10, watau gyare-gyaren nan da ya kan aiko don toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi su shiga kwamfuta. Ni kuwa ina da wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka wadda na saya ta hannu, da ita na ke rubuta duk labarin da ke fitowa da sunana a wannan jarida. Da na gwada ɗora mata Windows 11 sai ta ƙi karɓa, domin sabuwar tana bukatar wata 'yar na'urar tsaro da a ke kira TPM 2.0, tawa kuwa an ƙera ta tun kafin wannan na'ura ta zama ruwan dare. Na shiga kasuwa na tambayi kuɗin sabuwa, aka faɗa mini abin da ya haura albashina na wata biyu, na komo gida jiki a sanyaye.

Wani ƙanena mai karatun kwamfuta a jami'a ya ji labari, ya ce, "Yaya, kada ka kashe ko kwabo. Kawo ta in sa maka Linux, za ka ga ta koma yarinya." Cikin sa'a guda ya gama, da ɗan filashinsa.

Ga wanda bai sani ba, kowace kwamfuta tana da uwar manhaja, wadda ita ce ke tafiyar da allo da madannai da sauran manhajojin da mutum ke aiki da su. Windows ɗaya ce daga cikin irin waɗannan, kuma ta sayarwa ce. Linux kuwa wani ɗalibi ne na Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, mai suna Linus Torvalds, ya fara rubuta ta a 1991, aka haɗa aikinsa da kayan aikin shirin GNU wanda Richard Stallman ya ƙaddamar a Amurka a 1983. Sharaɗinta shi ne kowa na da iko ya ɗauka, ya duba yadda aka gina ta, ya gyara, ya ba wani, ba tare da neman iznin kowa ba. Don haka ne a ke ce mata buɗaɗɗiyar manhaja. Kada kuma a ɗauka abin wasan yara ce: tun daga watan Nuwamba na 2017 dukan kwamfutoci 500 da suka fi ƙarfi a duniya da ita su ke aiki. Amma a kan teburan jama'a, a shekarar 2024 kimanin kashi 4 cikin 100 kaɗai ta samu, alhali Windows na da fiye da kashi 70. Tambayar da ta dame ni ke nan: yaya abu zai zama kyauta, mai ƙarko, shekara talatin da 'yan kai, amma jama'a su yi ta ratse shi?

Makon farko ban ga abin da zai sa a ratse ta ba. Kwamfutar da a da sai na kunna ta na je na yi alwala kafin ta farka, yanzu kafin in gyara zama ta shirya. Har na tarar da tsarin madannai na Hausa a ciki, ina buga ƙ da ɗ da ɓ ba wahala. Na shiga ɗakin labarai ina yi wa abokan aiki wa'azi kamar sabon tuba.

Ranar wata Laraba, daren da mu ke rufe shafuka, aka gwada ni. Na rubuta dogon rahoto na shafin tsakiya, na miƙa wa mai tsara shafi da misalin ƙarfe tara. Bai jima ba ya kira ni, ya ce, "Malam, zo ka ga aikinka." Duk inda harafi mai lanƙwasa ya ke, sai wani ɗan akwati ya fito a madadinsa, jadawalin da na yi kuwa ya wargaje. Dalili shi ne samfurin haruffan da na rubuta da shi babu irinsa a kwamfutarsa, manhajar da ya ke tsara shafi da ita kuma ba a yi ta domin Linux ba, balle in buɗe ta a tawa in ga abin da ya ke gani. Muka zauna muna bin kalma ɗaya-ɗaya har ƙarfe goma sha ɗaya ta gota, mota na jiran shafuka. Edita bai yi faɗa ba, sai dai ya ce, "Gobe ka rubuta da abin da kowa ke rubutawa da shi." Na ce, "To, ranka ya daɗe."

Bayan mako biyu aka kawo sabuwar firinta ofis, kowa ya haɗa tasa da ita ban da ni. Kowace na'ura irin wannan tana bukatar wata 'yar manhaja mai aikin tafinta tsakaninta da kwamfuta, masu ƙera wannan kuwa ba su yi wa Linux nata tafintan ba. Ƙanena ya riga ya koma makaranta. Ta waya ya riƙa karanto mini wasu umarni na Turancin da ba Turanci ba, ina bugawa a wani baƙin allo, ban san abin da na ke cewa ba. Da abin ya faskara na ɗauki kwamfutar na kai wa mai gyaran da na saba da shi. Ya buɗe, ya dubi allon, ya dube ni, ya ce, "Oga, wannan kuma mene ne? Bari in goge in sa maka Windows, yanzu-yanzu." Ban yarda ba, amma a hanyata ta komowa na fahimci abin da wa'azina ya hana ni gani.

Abu na farko, talaka ba ya zaɓen uwar manhaja. Kwamfuta ya ke saye, abin da ya tarar a ciki shi ne kwamfuta a wurinsa. Tun daga 1981, sa'ad da kamfanin IBM ya fito da kwamfutarsa ta tebur ɗauke da manhajar Microsoft, masu ƙera kwamfuta suka saba fito da kayansu da ita a ciki. Wanda zai koma Linux sai ya rushe abin da ke aiki ya gina wani da hannunsa, mutane kaɗan ne kuwa ke da wannan ƙarfin hali.

Na biyu, kyautar da a ke kuranta Linux da ita ba ta da wani armashi a wurinmu. Sau nawa mai sayen kwamfuta a ƙasar nan ya taɓa ware kuɗi daban ya biya na Windows? Ko dai ta zo da ita daga Turai, ko kuwa mai gyara ya ɗora masa kwafi na bayan fage a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Banza ba ta korar banza. Kamfanin Canonical, na Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu, wanda ya fito da Ubuntu a 2004, ya yi shekaru yana aika faya-fayanta kyauta ta gidan waya zuwa ko'ina a duniya har 2011, duk da haka lissafin bai juya ba.

Na uku, mutum ba shi kaɗai ya ke aiki ba. Takardar da na rubuta sai ta bi ta hannun mai tacewa, da mai tsara shafi, da madaba'a. Makarantun koyon kwamfuta na unguwa Word da Excel da CorelDraw su ke koyarwa, shagunan buga takardu su suka sani, mai gyara su ya iya. Wanda ya fita daga wannan ayari shi zai ɗauki nauyin duk wani saɓani da ya biyo baya, kamar yadda na ɗauka daren Laraba. Ba mu kaɗai ba ne. Majalisar birnin Munich ta Jamus ta yanke shawarar komawa Linux a 2003, ta juya kwamfutoci wajen 15,000, sa'an nan a 2017 ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows, cikin dalilan da aka bayar har da wahalar yin aiki da manhajojin da sauran ma'aikatu ke amfani da su.

Na huɗu, Linux ba guda ɗaya ba ce. Akwai Ubuntu, da Mint, da Fedora, da Debian, da wasu ɗaruruwa, kowace da tsarinta da mabiyanta. Wannan ni'ima ce ga masani, amma baƙo tun daga bakin ƙofa ya ke ruɗewa, maganin da ya samu a intanet kuma ya kan tarar na wata ce daban da tasa.

Abin da ya tabbatar mini cewa laifin ba na wuyar Linux ba ne, yana cikin aljihun kusan kowane mai karanta wannan shafi. Android, wadda wayar farko mai ɗauke da ita ta fito a 2008, a kan zuciyar Linux aka gina ta. Mai shayi da direban tasi da tsohuwa mai sauraren wa'azi duk suna aiki da ita, ba wanda ya taɓa ganin baƙin allo. An kawo musu ita a shirye cikin waya, manhajojin da su ke so suna ciki, mai gyara kuma yana bakin titi.

A gidana ma na ga haka. Yanzu a kwamfutar ofis na ke rubuta labarai, tsohuwar kuwa na bar ta a gida da Linux ɗinta. Maiɗakina tana lissafin ɗinkinta a kai, 'yata tana kallon darussanta, ba wadda ta taɓa tambayata sunan abin da ke ciki. Kuɗin sabuwa da ban kashe ba ya tafi kuɗin makaranta.

Saboda haka masu kishin wannan manhaja a ƙasarmu, in suna son ta shiga gidaje, su rage yi wa irina wa'azi, su nufi mai gyara da malamin makarantar kwamfuta da ɗan kasuwa mai shigo da kwamfutocin hannu. Akwai dubban tsofaffin kwamfutoci masu rai da Windows 11 ta ƙi, waɗanda za su iya ƙara shekaru suna aiki in an sayar da su da Linux a ciki, kuma akwai mai duba su kusa.

Kwanan baya wani abokin aiki ya tambaye ni ko ya sa wa tasa. Na ce masa ya fara bincikawa ko akwai wanda ya iya ta a unguwarsu, kuma kada ya gwada ta ranar Laraba.