Gem Ɗin Yaya da Sabon Gilashi

Da babbar sallar 2024 na je gida Gwaram, muna gyara wa Inna ɗaki, sai na ci karo da wani abu a ƙasan tsohuwar adakarta, an naɗe shi da ɗankwali. Ina warwarewa gabana ya faɗi. Gem ɗin Yaya ne, Allah Ya jiƙansa, wanda Baba ya yo masa tsaraba daga aikin Hajji muna yara.

Sunansa Game Boy Advance, kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fito da shi a 2001. Batir biyu ƙanana yake ci, kuma a baya ake zura masa kaset ɗin wasa. Na sa masa batir, sai ga shi ya yi ɗan kukan nan nasa kamar jiya aka ajiye shi. Sai dai gilashinsa ba shi da fitila, haka aka ƙera shi tun asali. Shi ya sa a da sai mun fita gindin darbejiya, ko mu matsa jikin fitilar ƙwai har Inna ta kore mu.

Kin san halin da muke ciki da yaran yanzu. Babban ɗana, wanda nake kira Babana, shekararsa 12, kullum maganarsa a saya masa waya, ni kuwa na ƙi. Da na ga gem ɗin sai na ce ga mafita: ba intanet, ba hira da baƙi, batir na ƙarewa wasa ya ƙare. Na roƙi Inna ta ba ni, ta yi jim, sannan ta ce, "Ki dai kula da shi."

Da muka dawo Birnin Kudu, ƙanena da ke Kano ya yi mana odar sabon gilashi mai fitila, irin wanda ake kira IPS. Ya zo da sukundirebansa, domin shida daga cikin notikan bayan gem ɗin baki uku gare su, na gida ba ya kama su. Muka baje komai a faranti ni da Babana. Sabon gilashin ya fi tsohon girma, don haka sai da na sa reza na fere robar ciki. Muka haɗa, muka rufe, muka kunna.

Kukan ya fito, gilashi kuwa baƙi ƙirin.

'Yar uwa, ban tsaya tunani ba. Na rufe yaron nan da faɗa, na ce da rawar kansa ya kashe abin marigayi, me zan gaya wa Inna? Bai ce uffan ba. A daren nan ko tuwo bai taɓa ba. Ni da nake koya wa 'ya'yan mutane haƙuri a aji, ga abin da na yi a tsakar gidana.

Washegari bayan na taso daga makaranta na zauna ni kaɗai da gem ɗin. Abin da ya fara zo mini shi ne, tunda sauti yana fita, injin yana da rai, matsalar tana tsakaninsa da gilashi. Na canza batir, domin sabon gilashin ya fi cin wuta, amma ba abin da ya sauya. Na kira ƙanena, ya ce in duba fileks, wato siririyar wayar nan mai faɗi kamar zirin leda da ke haɗa gilashi da inji. Ashe wannan gem iri biyu ne, akwai mai haƙora 40 akwai mai 32, kuma idan kika leƙa ta gidan batir za ki hangi lamba a jikin injin: in ta fara da 0 mai 40 ne, in da 1 mai 32. Namu 0 ne, kuma mai 40 muka sa. Nan ma ba laifi.

Sai na sake kwancewa na ƙura ido. Bakin da fileks ke shiga yana da 'yan maƙalai biyu, hagu da dama, waɗanda ake ɗagawa a zura shi sannan a danne. Na hagu bai dannu ba, fileks ɗin ya shiga a karkace. Wa ya sa shi? Ni ce. Da bakina na ce wa yaron ya kawo, hannunsa zai yi rawa.

Na kira shi. Na ce, "Babana, laifina ne, ka yi haƙuri." Ya sunkuyar da kai yana murmushi, kunya ta kama shi, ni ma haka. Na miƙa masa, ya cire batir, ya zare fileks ɗin, ya mayar a miƙe, ya danne maƙalan biyu. Wannan karon mun gwada kafin mu rufe, abin da ya kamata mu yi tun farko. Haske ya kawo tar!

Da muka ɗaure notika sai wani farin tabo ya fito a kusurwa. Guntun robar da ban fere sosai ba ne yake danne gilashin. Na ƙara kankare shi, muka liƙa salatif a bayan gilashin don kada ƙarfensa ya taɓa inji, muka ɗaure sama-sama. Tabon ya ɓace. In kina da irinsa a gida, ki sani batir ba zai kai awa 15 ɗin da yake yi a da ba, sai kin rage hasken. Mu dai mun yi ƙa'ida, sai an gama aikin makaranta, kuma kuɗin batir daga asusunsa.

Da hutu ya zo muka koma Gwaram. Bayan magariba ba wuta, Babana ya kunna gem ɗin a tsakar gida. Inna tana kan tabarma, ta ji kukan, ta ɗago kai. Ta daɗe tana kallon hasken a fuskar yaron, sannan ta ce, "Matso nan kusa da ni ka yi."