Madara a Sama, Ruwan Goro a Ƙasa

A arewacin Jihar Zamfara akwai wata jimla guda da ke hana gidaje barci, ita ce: "An tare wata farar mota." Wata rana a ce a hanyar Shinkafi ne, wata rana a ce tsakanin Zurmi da Jibiya. Mai kawo labarin bai san lamba ba, bai san direba ba, abin da ya ji kawai mota ce fara. Da yake bas-bas ɗin haya da ke tashi daga Ƙauran Namoda galibinsu farare ne, sai labarin mota ɗaya ya zama zullumin gida arba'in. Kowace uwa ta ɗauka ɗanta ne, kowace mata ta ɗauka mijinta ne, har sai gari ya waye gaskiya ta fito, wasu su yi hamdala, wasu su shimfiɗa tabarmar jaje.

Gidanmu na cikin gidajen nan arba'in. Mahaifina direba ne tun kafin a ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, kuma da wata tsohuwar Toyota HiAce fara ya ciyar da mu, ya biya mini kuɗin makaranta har na kammala digiri a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Garinmu gari ne da tafiya ta raina. A nan layin dogon da ya taso daga Zariya ya biyo ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a 1929, ana loda gyaɗa da auduga. Da jirgi ya daina zuwa, sai nauyin ya koma wuyan direbobi irin Baba, waɗanda ke haɗa Ƙaura da kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis da ƙauyukan ƙasar Zurmi.

Tun da hanya ta lalace da 'yan bindiga, ba mai hankalin da ke tuƙi bayan la'asar sakaliya. Inda rana ta faɗi wa direba, nan ne masaukinsa. Saboda haka Baba ya cire kujerun baya na ƙarshe, ya sa kafinta ya buga masa katako mai naɗewa. Da rana wurin kaya ne, da dare gado. A ƙarƙashinsa akwai 'yar katifa da gidan sauro da buta da darduma da risho, a kan rufin kuma ƙaramar sola mai cajin waya da kunna ƙwai ɗaya. A Turai da Amurka masu hali ne ke mayar da mota ɗaki don su tafi yawon shaƙatawa a bakin teku. Namu ɗakin tsoro ne ya gina shi.

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a faɗin jihar, aka rufe kasuwannin mako-mako, da nufin toshe wa 'yan bindiga hanyar samun labari da kaya. Makonni muka yi ba mai jin muryar wani. A lokacin ne na ga abin da farar mota ke yi wa Inna. Sau biyu labari ya zo, sau biyu ta kwana zaune a kan darduma, sau biyu Baba ya shigo da hantsi lafiya lau yana tambayar abin da ya sa idanunta suka kumbura. Tun daga nan na ƙudurta cewa duk ranar da na riƙe kuɗin kaina, sai motar nan ta sami kamar da ba a haɗa ta da wata.

Ina bautar ƙasa na riƙa ware wani abu daga alawus ɗin naira 33,000, na haɗa da abin da nake samu wurin koyar da yara darasi da yamma. Da farko fenti na yi niyya. Amma fenti mai kyau sai an kankare tsohon, an yi shafe, an fesa hawa-hawa, an jira ya bushe, motar ta yi mako biyu ko fi ba ta nemo ko sisi ba. Ga shi tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kwana ɗaya na zama ma asara ce. Sai na tuna da motocin yaƙin neman zaɓen wannan shekarar, waɗanda aka lulluɓe da hotunan 'yan takara, bayan zaɓe aka ɓare su kamar ɓawon rogo. Ashe leda ce ta musamman mai gam a bayanta, wadda zafi ke sa ta yi laushi ta bi lanƙwasar ƙarfe. Kamfanoni irin su 3M da Avery Dennison ke yin ta, tana zuwa a naɗe, faɗinta ya ɗan haura mita ɗaya da rabi. Na kuma ga hotunan tsofaffin bas na Volkswagen, waɗanda aka fara ƙerawa a Jamus a 1950, sama launi daban, ƙasa launi daban. Ko daga nesa mutum ya hango irinsu, ba zai ce "wata mota" ba.

Da na kawo maganar, Baba ya daɗe yana tauna goro kafin ya amsa. "Ɗan nan," ya ce, "a hanyag ga tsufa shi ne garkuwa. Mota mai ƙyalli kiran ɓarawo take." Ya ƙara da cewa akwai masu kai wa 'yan bindiga rahoto a tasha da kasuwa, kuma motar da ta fita daban ta fi sauƙin kwatance. Magana ce mai nauyi, domin ta fito daga bakin mutumin da ya binne abokan sana'arsa. Na ce, "Baba, mai kai rahoto ya san sunanka, ya san lambar motarka, ya san ranar da kake lodi. Waɗanda ba su iya bambance ka su ne mu da ke gida." Bai ce komai ba. Inna ce ta yi magana daga bakin murhu, ba tare da ta ɗago kai ba: "Malam, ni dai ina so in an ce farar mota, in san ba kai ba ne." Washegari ya ba ni makulli, da sharaɗi guda: kada ta yi ƙyalli.

Zaɓen launi ya fi tara kuɗin wuya, don a ƙasarmu kusan kowane launi yana da mai shi. Kore mai duhu na soja ne, kuma motar da ta yi kama da ta jami'an tsaro ta sayi faɗan da ba nata ba. Baƙi da shuɗi suna tuna wa mutane 'yan sanda. Rawaya ta Keke Napep ce. Fari da ja sai a ce motar asibiti. Kore da fari da ja, ko a ƙara musu shuɗi, tutar jam'iyya ce, direban haya kuwa ba ya da jam'iyya, kowa fasinjansa ne. Bayan mun tankaɗe mun rairaye, launi biyu suka rage. Sama muka ba ta ruwan madara, domin launi mai haske yana mayar da zafin rana, kuma wanda ya kwana cikin mota a watan Afrilu ya san darajar hakan. Ƙasa muka ba ta ruwan goro, wanda ke shanye jar ƙurar hanya ba tare da ya nuna ba. Dukansu muka zaɓi marasa sheƙi, don cika sharaɗin Baba.

Wanda ya yi aikin wani matashi ne ɗan garinmu mai buga sitika da allunan shaguna, wanda ya koyo sana'ar a Kano. Kafin ya taɓa ledar sai da ya zagaya motar yana shafa ta da tafin hannu kamar mai duba doki a kara. Ya ce leda ba ta rufa asirin tsatsa. Duk inda fenti ya ɗaga, da shi za ta ɗago, kuma ko ƙwayar yashi aka bari a ƙarƙashinta sai ta fito kamar ƙurji. Don haka sai da mai gyaran bodi ya yi kwana biyu yana kankare gindin ƙofofi, yana cike ramuka, yana gogewa. Ya kuma ce a yi kafin hunturu, domin ƙurar buji ita ce babbar abokiyar gabar wannan aiki. A ƙarshen damina muka ari wani sito, muka yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, muka rufe ƙofa.

Na tsaya a kansu kwana uku, na ga aikin da haƙuri ne jarinsa. Aka kwance madubai da fitilu da mariƙan ƙofa. Aka wanke motar da sabulu, aka bi ta da sifirit har cikin lunguna don kada maiƙo ya rage. Mutum biyu ke riƙe da ledar a miƙe, shi kuma yana bi da wani ɗan faifan roba daga tsakiya zuwa gefe yana korar iska. In ya zo lanƙwasa sai ya kunna na'urar hura iska mai zafi, ledar ta saki jiki, ya ja ta a hankali. In aka ja da yawa launin ya koɗe a wurin, in aka ja kaɗan ta yi tattara. Wurin da launukan biyu suka haɗu, ƙasa kaɗan da tagogi, nan ne gwaninta take. Bai sa reza a jikin motar ba. Wani siririn tef mai zare a ciki ya fara shimfiɗawa, ya ɗora leda a kai, sannan ya ja zaren, ya yanke ta daga ƙasa, layi ya fita sambal daga fitilar gaba har ta baya. A ƙarshe ya sake bin kowane baki da zafi yana dannawa, yana cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da aka gama muka je ofishin lasin aka gyara launin a takardu, don kada abin da aka yi saboda kwanciyar hankali ya zama abin tuhuma a shingen bincike.

Ranar farko a tasha 'yan kamasho suka yi ta tsiya, wani ya ce Baba ya yi wa tsohuwa lalle. Kafin wata ya ƙare sun sa mata suna Mai Goro, sunan ya bi ta har Shinkafi. Matan ƙauyukan bakin hanya da ke aiko da saƙon magani ko kuɗin makarantar 'ya'yansu ba sa tsayar da kowace mota suna leƙe. Daga nesa suke gane ta. Wani dattijo a Zurmi ya gaya wa Baba cewa in ya hango ta ta wuce da safe, ya san hanya ta buɗe, sai ya bar jikokinsa su fita.

Leda ba ta tare harsashi, kuma tsoron da Baba ya faɗa yana nan daram. Har yau ana tare motoci, har yau Inna ba ta cin abincin dare sai ta ji ya sauka. Abin da ya sauya shi ne zullumin da ba na gaskiya ba ya bar gidanmu, aka bar mu da addu'a a kan na gaskiya. Na kuma lura da wani abu a fuskar Baba. Shekaru ya yi yana ƙanƙantar da kansa, yana sa tsofaffin riguna, yana barin mota da datti da gangan, domin rashin tsaro ya koya wa talaka cewa tsira tana cikin kada a gan shi. Yanzu kullum da asuba, bayan ya dawo masallaci, sai ya ɗauki tsumma mai laushi da bokitin ruwa ya goge ta da kansa.

Mai sitika ya faɗa mana gaskiya tun farko: ranar Zamfara ba ta barin leda ta daɗe, rufin ne zai fara koɗewa, bayan 'yan shekaru sai an ɓare an sake. Direbobi biyu a tashar sun riga sun tambaye shi farashi, ɗaya yana son ruwan toka da ruwan hoda. Ni kuwa na fara ajiyar kuɗin sabuwa, ina roƙon Allah ya sa ranar da za mu sake ta, ƙawa kaɗai za mu duba wajen zaɓen launi.