Daga Tafireta Zuwa Manhajar Waya: Waiwaye Daga Maigatari

Kafin kwamfuta ta iso ƙasar Gumel, mai tafireta shi ne gwanin zamani. Yana zaune a inuwa kusa da kotu ko sakatariyar ƙaramar hukuma, ya jera takarda biyu da kabon a tsakani, ya buga maka takardar koke ko ta cinikin gona. In ya yi kuskure, ya shafa farin ruwan gyara, ya hura har ya bushe. Ba wanda ya zaci sana'ar nan za ta gushe.

Sai ga mulkin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, wanda ya rungumi harkar kwamfuta hannu bibbiyu. Aka buɗe makarantar Informatics a Kazaure, aka kafa kamfanin Galaxy a Dutse. Samarin da suka koyi Microsoft Word da CorelDraw suka kama shaguna, suka tada janareta, suna buga katin biki da cike fom ɗin jarrabawa. Mai tafiretan da ya daure ya koyi sabuwar na'ura ya ci gaba da cin abincinsa, domin abin da mutane ke biya tun asali shi ne iya tsara magana. Wanda ya ƙi, layinsa ya watse.

Haka aka yi ta tafiya. Wayar GSM ta shigo Najeriya a 2001, masu lema suka ci kasuwar kiran waya, har ranar da kowa ya mallaki tasa. Masu turin waƙa da fim suka yi nasu yayin. A farkon 2023, da takardun naira suka yi ƙaranci, kasuwar dabbobi ta Alhamis a Maigatari ta ji a jikinta, dillalan da suka saba ƙirga damin kuɗi suka koma neman mai POS da jiran shigowar alat.

Yau abin ya zo kan masu rubuta manhaja. Tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, ƙirƙirarriyar basira tana rubuta cikin mintuna abin da a da yake cin yini. In kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja, don haka wajibi ne su koye ta. Amma na'ura ba ta san yadda bafatake daga Damagaram yake lissafin sa tsakanin sefa da naira ba, ba ta san manomin riɗi a Gagarawa ko Sule Tankarkar yana buƙatar manhajar da ke magana da Hausa kuma take aiki inda sabis ke yankewa ba. Wannan sanin yana hannun ɗan gari.

Matasanmu, ku riƙe tushen ilimin da kyau, ku koyi sabon kayan aiki tun yana sabo, sannan ku shiga kasuwa ranar Alhamis ku tambayi mutane abin da ke damunsu. A nan aikinku yake.