Daga Fajara Zuwa Farafenni: Bin Sawun Likitan Zariya a Gambiya

Duk uwar da ta ɗaura wa 'ya'yanta gidan sauro mai magani a ƙasar Hausa ta ci gajiyar aikin Farfesa Brian Greenwood, ko da ba ta taɓa jin sunansa ba. Baturen Ingila ne, masanin yaɗuwar cututtuka, wanda ya yi shekarun 1970 yana aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. A 1980 ya koma Gambiya, ya shugabanci cibiyar binciken lafiya ta MRC har shekara 15. Son ganin inda ya yi wannan aiki ne ya kai ni ƙasar a ƙarshen damina.

Da Fajara na fara, unguwar bakin teku inda hedikwatar cibiyar take. Tun da sassafe na tarar da mata a bakin ƙofa, kowa da goyonta, ga katin asibiti a naɗe cikin leda don gudun ruwa. A ƙarƙashin wannan cibiya aka gwada allurar rigakafin Hib, ƙwayar cutar da ke sa wa jarirai sanƙarau da ciwon huhu, kuma sakamakon gwajin ya taimaka wajen shigar da ita cikin rigakafin yara a Afirka.

Daga nan na shiga gele-gele, wato ƙaramar bas ɗin haya, muka bi hanyar kudancin kogin Gambiya ta Brikama. Dama da hagu gonakin gyaɗa ne da bishiyoyin kuka, sai fadamun shinkafa inda ruwa ya kwanta. Ganin wannan ruwa kaɗai ya isa mutum ya gane abin da ya sa sauro ya samu gindin zama.

A ƙauyukan yankin Soma, inda hanyar ta kai mu, aka yi gwajin da ya sauya tunanin duniya. Mutanen nan dama sun saba kwana cikin gidan sauro, don haka abin da masu bincike suka ƙara shi ne tsoma shi cikin maganin kashe ƙwari kafin damina. Da aka buga sakamakon a 1991, sai aka ga mace-macen yara 'yan shekara 1 zuwa 4 ya ragu da fiye da rabi a ƙauyukan da aka yi hakan.

Muka haye kogin ta gadar Senegambiya, wadda aka buɗe a 2019, muka sauka Farafenni. A nan na zauna shan shayi da wani dattijo da ya ce ya yi aikin ƙidaya a zamanin ƙuruciyarsa. Aikinsu, in ji shi, bin gidaje ne da littafi da biro: wa aka haifa, wa ya ƙaura, wa ya rasu. In yaro ya rasu, sai su bari a gama zaman makoki, sannan su koma su tambayi mahaifiyar a hankali: jikinsa ya yi zafi? Ya yi jijjiga? Ya yi tari? Ya dube ni ya ce, "Ɗana, wanda bai san yawan matattunsa ba, ta ina zai san magani ya yi aiki?"

Maganar tasa ta mayar da ni Zariya. Can ma Greenwood da abokan aikinsa bin diddigin sanƙarau suka yi, cutar da ke tashi a tsakiyar rani ta lafa da saukar ruwan farko. Sun gwada allura guda ɗaya mai daɗewa a jiki, wadda ta sauƙaƙa jinya a lokacin annoba, sa'ad da majinyata suka fi gadaje yawa. Bayan ya koma Landan bai saki Afirka ba. Yana cikin waɗanda suka assasa ba wa yara maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro wata-wata a damina, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012. Shi ne maganin da ake bi gida-gida ana rabawa a Katsina, Sakkwato da Maraɗi. A 2008 ƙasar Japan ta ba shi lambar yabo ta Hideyo Noguchi.

A hanyar komowa na yi ta lissafi. Gambiya ba ta kai jihar Kano yawan jama'a ba, amma littafin ƙidayar ƙauyukanta ya ceci yaran nahiya guda. Mu kuwa har gobe ana haihuwa ana binnewa a ƙauyukanmu ba tare da an rubuta ba. Ya kamata gwamnatocin jihohi da masu unguwanni su ɗauki rajistar haihuwa da mutuwa da muhimmanci, domin daga nan yaƙi da annoba yake farawa.