Daga Damagaram zuwa Damargu cikin tsohuwar kat-kat

Yau labarin wata tahiya na kawo muku. Ba ta da nisa, ba ta kai kilomita 150 ba, amma ta ci mana wuni guda cur. Na rubuto shi saboda ƙauyukan da ke shawarar haɗa kuɗi su sayi mota, kamar yadda muka yi.

Abin da ya sa muka nemi mota

Ƙauyenmu yana cikin Damargu, yamma da hanyar kwalta da ta tashi daga Damagaram zuwa Tanut da Agadas. Tsakaninmu da kwalta rairayi ne da ƙarangiya. A damanar 2022 naƙuda ta yi wa matar ƙanena tsanani cikin dare. Muka sa ta a amalanken shanu. Kafin mu kai likita gari ya waye. Ita ta rayu, abin cikinta bai rayu ba.

Bayan kaka muka zauna ƙofar maigari. Gidaje 26 suka yarda a haɗa kuɗi. Wani ya saida wake, wani ya saida bijimi, samarinmu da ke ci-rani suka aiko nasu. Muka tara sefa miliyan 4 da jikka 300. Da yake ni ne malamin yaƙi da jahilci a garin, aka ce ni zan riƙe littahin kuɗi. A bazarar 2023 mu uku muka tahi Damagaram: ni, da wani dattijo ƙanen maigari, da wani saurayi namu da ya yi shekara shida yana tuƙi a hanyar Agadas.

Cinikin Damagaram

Muka sauka Zango gidan wani ɗan garinmu. Wannan unguwa tun zamanin ayarin raƙuma nan fatake ke sauke kaya. Mai masaukinmu ya ce kada mu taya ko da keke sai da makaniki namu, wanda ba shi da haɗi da dillali. Ya kai mu wurin wani tsoho mai gyaran motocin gazuwal. Muka yi jinga da shi.

Mota biyu suka shiga ranmu, duka Toyota Land Cruiser, irin da jama'a ke kira kat-kat saboda ƙafafunta huɗu duka suna iya ja. Ta farko fara tas, fenti sabo, kujeru da sabuwar riga. Kuɗinta miliyan 4 da jikka 200. Dattijonmu ya shafa ta, ya ce:

"Malam, wannan ita ce motar shiga gari. A biya."

Makaniki bai ce komi ba. Ya shimfiɗa buhu, ya shiga ƙarƙashi da tocila da ɗan guduma. Can sai ya kira ni. Ya kankare wani baƙin shafi da aka yi wa shasi, wato ƙarfen da dukan mota ke zaune a kansa. Sai ga walda a wuri biyu. Ya ce motar ta taɓa karyewa, aka ɗinke, aka rufe. Ya fito yana kakkaɓe riga, ya ce wa dattijo:

"Baba, fenti ba ya hawan tudun rairayi."

Ta biyu mummuna ce. Fentinta ya ƙone da rana, ƙofar baya da igiya aka ɗaure ta. Ƙirar 1994 ce, daga jerin da kamfanin ya fara yi a 1984. Injinta shi ake kira 1HZ: na gazuwal, tukunya shida, lita 4.2, ba kwamfuta a cikinsa. Makaniki ya ce amfaninsa ke nan gare mu, don duk garin da ke da garaji za a samu wanda ya san cikinsa.

Ya ce mu komo da asuba, kafin kowa ya tada ta. Inji mai ciwo yana ɓoye ciwonsa in ya yi zafi. Da asuba ya taɓa injin ya ji sanyi ƙalau, sannan ya ce a murza makulli. Ta tashi bugu ɗaya. Ya tsaya bayanta yana kallon hayaƙi. Ya koya mani: hayaƙi mai shuɗi, inji na shan mai, fari mai yawa da ba ya ɗaukewa, a ji tsoron ruwa na shiga inda ba wurinsa ba, baƙi ƙirin, gazuwal ba ya ƙonewa daidai. Nata ɗan baƙi ne, ya wuce. Ya buɗe murhin mai ya duba ko ya yi kalar madara, bai yi ba. Muka hita bayan gari, aka sa ƙafafun gaba, ta hau tudu ba gardama.

Aikina ni shi ne takardu. Na ɗauki kartigiris, na karanta lambar shasi baƙi bayan baƙi, ina gwadawa da wadda aka buga jikin ƙarfen motar. Suka zo ɗaya. Na duba sunan mai ita da katinsa na ɗan ƙasa. Wanda bai yi haka ba yana iya sayen motar sata, ko wadda ba ta biya duwan ba, ya rasa mota ya rasa kuɗi.

Mai ita ya ce miliyan 3 da jikka 800. Kwana biyu ana ja, aka daidaita a miliyan 3 da jikka 400, gaban shaidu, da takardar saye. Dattijonmu bai ji daɗi ba. Ya ce da wane ido za mu shiga gari da wannan akwala?

Inda sauran kuɗin suka tahi

Jikka 900 suka rage. Na ɗauka da su za mu koma gida. Ashe ba haka ba ne. Tayu huɗu suka ci jikka 400. Batir jikka 70. Takardu, da asirans, da awon lahiyar mota, jikka 150. Garaji ya ci jikka 180: sabon mai wajen lita 10, filtir na mai da na gazuwal da na iska, gyaran birki, da wata igiyar roba mai haƙora da ke gaban inji. Makaniki ya ce wannan igiya ana sake ta duk kilomita 100,000, kuma tunda ba wanda ya san yaushe aka sake ta, a sake yanzu. In ta tsinke mota na gudu, cikin inji ke karo da juna, gyaran ya hi ƙarhin ƙauye.

Sai ya matsa wata mesar roba da ke kai ruwa daga radiyater zuwa inji. Ya ce ta yi laushi, a sake ta da ƴar'uwarta, jikka 12. Na duba littahi. Jikka 100 suka rage, ga gazuwal ba mu sha ba. Na ce:

"Baba makaniki, a bar wannan sai wata zuwa."

Ya dube ni, ya ce: "Malam, kuɗinku ne." Wannan laihina ne, ni kaɗai.

Kan hanya

Muka tashi da hantsi, da buhun gishiri biyu, da jarka biyu na ruwa. Muka bar duwatsun Damagaram a baya, muka miƙa arewa. Wajen kilomita 50, kusa da Bakin Birji, muka wuce matatar mai ta SORAZ, wadda ta fara aiki a 2011 da man da ake turowa ta bututu daga Agadem. Direba ya yi dariya ya ce ga gidan abincin motarmu nan.

Daga nan ƙasa ta buɗe. Gonakin hatsi fayau, ba komi sai kututturen kara da rumbuna a bakin ƙauyuka. Itace ya fara ƙaranci: aduwa, da magarya, da farar ƙaya, da anza wadda ta ceci iyayenmu a yunwar 1973 da ta 1984. Damargu ke nan. In Allah ya ba da ruwa, hatsinta har Agadas yake ciyarwa. In ruwa ya ƙi, sai a rufe gida a yi kudu. Kan kwalta motar ba ta da gudu. Ƙananan motoci suna wuce mu, dattijo yana tsaki.

Muka yi azahar a Sabon Kafi, muka sha fura, sannan muka bar kwalta muka yanki yamma. Nan direba ya tsaya. Ya murɗa makullan da ke tsakiyar ƙafafun gaba, ya ja ƙaramar giya, ya rage iskar tayu. Ya ce taya mai taushi tana shimfiɗa bisa rairayi kamar tahin raƙumi, mai tauri kuwa haƙa take. Ya ce kuma in an koma kan kwalta dole a ƙara iska, a saki ƙafafun gaba, in ba haka ba ƙarafan ƙarƙashi ke wahala. Daga nan akwala ta nuna halinta. Tudun da shanu ke durƙusawa, ta haye shi tana gurnani. Dattijo ya daina tsaki.

Ba mu yi kilomita 15 ba sai direba ya kashe mota farat ɗaya. Allurar zafi ta hau sama. Tururi na hita ta gaba. Mesar nan ce ta tsage, tsawon yatsa. Ba wanda ya ce mani komi, amma na ji kunya har cikin ƙashina. Da idon yaron nan ba ya kan allura, da minti kaɗan sun isa inji ya ƙone, kuɗin gidaje 26 su zama tulin ƙarfe a daji.

Dattijo ya kai hannu zai buɗe murhin radiyater. Direba ya riƙe shi:

"Baba, kada ka taɓa! Ruwan zai dafa maka fuska."

Muka zauna inuwar aduwa hiye da awa guda, rana na dukan ƙasa. Da inji ya huce, direba ya yanki tsohon shambur na taya, ya naɗe tsagar, ya ɗaure da waya. Muka zuba ruwa sannu a hankali. Muka ci gaba kamar masu rakiyar amarya, muna tsayawa muna ƙarawa, don ɗaurin na ɗiga. Kafin la'asar sakaliya jarka biyu sun ƙare.

Allah ya sa akwai rijiyar makiyaya a gaba. Rijiyoyin Damargu zurhi gare su, raƙumi ke jan guga, yana tahiya mai nisa kafin ta hito. Muka yi sallama. Wani Buzu mai rawani ya tsaida shayar da bisashensa, ya cika mana jarkunan, ya ƙi karɓar ko dala. Dattijo ya ɗiba masa gishiri. Buzun ya leƙa motar ya ce, in ta zauna garinku, mu ma mun samu ta kai mara lahiya.

Bayan isha muka shiga gari da fitila ɗaya. Yara suka biyo mu da gudu, mata na guɗa. Washegari, gaban jama'a, na karanta littahin kuɗi tun daga dalar farko, na faɗi abin da ya same mu da wanda ya jawo shi. Ranar kasuwa na aika aka sayo mesa biyu. Da kuɗin aike da duka, jikka 12 ta koma 19.

Dokar da muka kafa

A zaman nan muka yanke: duk jikka 10 da mota ta samo ranar kasuwa, 4 na gazuwal, 3 na akwatin gyara, 2 na direba da yaronsa, 1 ta jigilar marasa lahiya. Akwatin gyara makulli biyu gare shi, ba a ranta, ko don biki ko don suna.

Akwai kaye cikin mota. Duk tahiya ana rubuta rana, da kilomita, da litar gazuwal. Kowace sahiya, kafin a tada ta, direba na duba mai, da ruwa, da tayu, ya leƙa ƙasa ko wani abu ya ɗiga. Duk kilomita 5,000 a sake mai. Duk mako a kakkaɓe filtir na iska, lokacin hunturu ma hiye da haka saboda ƙura. Gazuwal na bakin hanya sai an tace da ƙyalle, kuma ana tsiyaye ruwan da ke taruwa ƙasan filtir. Ba a wuce kayan da aka ƙayyade. Sau ɗaya aka karya wannan doka ranar kasuwar kaka, aka ɗora buhun wake hiye da ƙima, ƙarfen lam na baya ya karye. Akwati ya biya, mota ta yi kwana tara a kwance.

Gaskiya ita ce har yau ba wanda ya raba riba. Wasu na gunaguni, suna cewa akwati na cin rabonsu. Amma kayen ya nuna a shekarar farko motar ta kai mutum 17 likita, 6 daga cikinsu mata masu naƙuda. Biyu daga rugar Buzun nan ne.

Don haka ƴan'uwa, in za ku sayi tsohuwar kat-kat, ga abin da na gani da idona. Kada ku kashe dukan kuɗinku wurin saye, ku bar aƙalla kashi ɗaya cikin biyar don gyaran farko. Ku tahi da makaniki naku. Ku duba ƙarƙashi kafin ku duba fenti. Ku gwada lambar shasi da takarda. Abin da makaniki ya ce a sake, a sake tun ana cikin gari, don daji ba kanti. Dattijon nan da ya kira ta akwala, yanzu shi ke riƙe da makulli ɗaya na akwatin gyara, kuma ba a taɓa jin ya ba kowa rance ba.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba mu damana mai albarka. Wassalam.