Wane Agogo Za Mu Bi?

Sana'ata gyaran ƙananan na'urori ce: agogon masallaci mai nuna lokutan salla, da akwatin da ke kunna famfon ban-ruwa mai aiki da hasken rana. Daga Mai Wurno har ƙauyukanmu na Jazira ake kawo mini su, kuma kukan kusan ɗaya ne: lokaci ya ɓace.

Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, 'yar ƙwaƙwalwar da ke cikin irin wannan na'ura ba agogo ɗaya gare ta ba. Akwai mai sauri, wanda ke bugawa sau miliyoyi a daƙiƙa. Awonsa daki-daki ne, amma a wasu na'urorin, da zarar ƙwaƙwalwar ta yi barci don tattalin batir, shi ma sai ya tsaya. Akwai kuma ɗan ƙanƙanen dutse mai kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa, wanda batir kamar kwabo ke riƙe shi shekaru. Zafi irin na Sinnar kan sa shi jinkiri, yana iya cin bashin minti guda a wata, amma ba ya tsayawa. Manhajar Linux, wadda aka gina wayoyin Android a kanta, maki take ba kowane agogo, ta ɗauki wanda ya fi.

Ni dai idan zaɓi ya zo hannuna, mai saurin nake ba ƙananan awo, riƙon rana da wata kuwa sai ɗan dutsen. Sannu ba ta hana zuwa.

Mu nan Sudan mun san agogo na iya kuɓuce wa mutum. A Janairun 2000 aka tura agogon ƙasa gaba da awa guda, aka kira shi bukur, sai ranar 1 ga Nuwamba 2017 aka mayar da shi. A Fabrairun 2024, cikin yaƙi, layukan waya suka ɗauke, ba inda na'ura za ta tambayi lokaci sai cikinta. Wadda batirin agogonta ya mutu, wata kan farka tana zaton ranar 1 ga Janairun 1970 ce. A duk wannan, inuwar azahar ba ta gusa ba.

Saboda haka, kafin azumi, a sauya wa agogon masallaci batir, kuma ladan ya gwada shi da faɗuwar rana da idonsa. Minti biyu ba komai ba ne a kasuwa, amma wajen buɗa-baki babbar magana ce. Allah Ya sa mu dace.