Tanzaniya, Ƙasar da Namun Daji Ke Tafiya Ci-rani

Kalmar "safari" da masu yawon buɗe ido ke amfani da ita idan za su je kallon namun daji, daga harshen Swahili aka aro ta. Shi kuma Swahili ya samo ta daga Larabci, wato tushensu ɗaya da "safara" irin ta fatake. A wannan makon za mu yi safarar ne a kan takarda, mu nufi Tanzaniya a gabashin Afirka. Wanda yake da taswira a bayan littafin jogirafi ya buɗe ta, mu tafi tare.

Girman Tanzaniya ya kai murabba'in kilomita 945,000, ta ɗan ɗara Najeriya ke nan. Amma ƙidayar 2022 ta nuna mutanenta kusan miliyan 62 ne kawai. Ƙasa mai faɗi da mutane kaɗan, shi ya sa aka iya ware kusan kashi ɗaya cikin uku nata domin dazuzzuka da namun daji. A da ƙasashe biyu ne, Tanganyika wadda ta sami 'yanci daga Ingila a 1961, da tsibirin Zanzibar. Sun haɗe ranar 26 ga Afrilu, 1964. Dodoma ce babban birni, ko da yake kasuwa da hayaniya suna Darussalam a bakin teku. Ku riƙe wannan, domin nan ne ɗalibai da yawa suke faɗuwa a gasar kacici-kacici.

A arewa akwai dutsen Kilimanjaro mai tsawon mita 5,895, wanda babu kamarsa a Afirka. Yana kusa da layin ikwaita, amma akwai ƙanƙara a kansa, sai dai fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙanƙarar da aka auna a 1912 ta narke. A yamma kuma ga tafkin Tanganyika, wanda zurfinsa ya kai kimanin mita 1,470. Tafkin Baikal na Rasha ne kaɗai ya fi shi zurfi a duniya. A gaɓar tafkin akwai wani ƙaramin gandun daji mai suna Gombe. Kada 'yan Gombe su yi murna, suna ne kawai ya zo ɗaya. A nan ne wata 'yar Ingila, Jane Goodall, ta fara nazarin manyan biran da ake kira sokwe a Swahili a 1960, har ta ga suna gyara tsinke su zura a shuri su zaro gara su ci.

Ƙabilun ƙasar sun haura 120. Sukuma ne mafi yawa, manoma da makiyaya a kudancin tafkin Biktoriya. Chagga suna noman ayaba da kofi a gindin Kilimanjaro. Kusa da tafkin Eyasi akwai Hadzabe, waɗanda ba su fi dubu ɗaya da 'yan kai ba, wasunsu har yau da farauta da neman zuma suke rayuwa. Akwai wani tsuntsu da ke yi musu jagora zuwa inda amya take a cikin itace, su ɗebi zuma shi kuma ya sami kakin. Abin da ya ɗinke waɗannan ƙabilu shi ne Swahili, wanda shugaban ƙasa na farko, Julius Nyerere, ya tsaya tsayin daka ya zama harshen kowa, har da na koyarwa a firamare. Bahaushe ba zai ji baƙunta sosai ba. Su suna cewa habari, mu muna cewa labari. Sabulu sabuni ne a wurinsu, alƙalami kalamu, duniya kuwa dunia, ga Alhamisi ga Ijumaa.

To, mu shiga daji. Yawancin baƙi a garin Arusha suke shiga mota mai buɗaɗɗen rufi. Wurin farko da aka saba tsayawa shi ne Tarangire, gandun giwaye da itatuwan kuka. Kukar dai irin tamu ce ta miya, sai dai a can giwa ce ke ɓare ɓawonta da haure lokacin rani don ta tauna ta sami ruwa. Daga nan sai Ngorongoro, wani tsohon dutse mai aman wuta da ya rufta ciki ya bar ƙaton kwari kamar akushi. Zurfinsa kusan mita 600 ne, faɗin cikinsa kuma kimanin murabba'in kilomita 260. A cikin wannan akushi akwai manyan dabbobi kusan 25,000: zaki, kura, ɓauna, dorina, jakin dawa, da 'yan tsirarun baƙar karkanda da ake gadinsu dare da rana saboda masu neman ƙahonsu.

Amma Serengeti ce uwa. An mai da ita cikakken gandun ƙasa a 1951, girmanta kusan murabba'in kilomita 14,750. In kuna son ku kwatanta, Yankari ta Bauci ba ta wuce 2,250 ba, wato sai an jera Yankari shida da rabi. Abin da ke kai mutane Serengeti daga kowace kusurwar duniya shi ne ƙaurar wata dabba da ake kira nyumbu. Ba mu da ita a dajinmu. Ku ɗauki saniya ramammiya, ku sa mata gemun bunsuru da wutsiyar doki, kun sami kamanninta. An daɗe ana ƙiyasta sun haura miliyan ɗaya, kuma suna tafiya tare da dubban ɗaruruwan jakan dawa da bareyi.

Tafiyar tasu ci-rani ce sak, bin ruwa da ciyawa. Daga Disamba zuwa Maris suna filayen kudu, inda tokar duwatsu masu aman wuta ta sa gajeriyar ciyawa ta ƙunshi sinadaran da uwa mai shayarwa ke buƙata. A nan suke haihuwa, kusan duk a cikin 'yan makonni na Fabrairu. Akwai dabara a wannan haihuwar ta lokaci guda: ko kura da zaki sun ci har sun ƙoshi, ba za su iya cinye 'yan maruƙa dubbai da suka faɗo rana ɗaya ba. Ɗan nyumbu kuwa cikin 'yan mintoci yake miƙewa ya bi uwarsa. Idan filayen suka bushe wajen Mayu, sai garken ya nausa yamma da arewa, ya ƙetare kogin Grumeti, sannan kogin Mara inda kadoji ke jira. Nan ne ake ɗaukar hotunan da kuke gani a talabijin. Wasu suna tsallakawa har Masai Mara ta Kenya, babu fasfo babu biza, in ruwan Nuwamba ya sauka su juyo kudu.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne yadda garken ya kai wannan yawa. A shekarun 1890 ciwon bushiya ya ratsa Afirka ya kashe shanu ba adadi. Annobar nan ce ta karya Fulani da yawa a ƙasar Hausa, ita ce kuma ta jefa makiyayan Masai cikin yunwa. Cutar ta zauna a yankin Serengeti tana kashe 'yan maruƙan nyumbu shekara da shekaru. Da aka dage da yi wa shanun da ke kewaye rigakafi, sai ta ɓace daga namun dajin ma, ba tare da an yi wa nyumbu ko ɗaya allura ba. Daga kimanin 250,000 a farkon shekarun 1960, sai ga su sun haura miliyan kafin 1980. Da suka yi yawa suka rage busasshiyar ciyawa, gobarar daji ta ragu, ƙananan itatuwa suka sami damar girma. Masu sha'awar karatun likitan dabbobi su lura da wannan. A 2011 aka ayyana cewa an kawar da bushiya daga duniya baki ɗaya.

Yanzu ga tambayar da takardun talla ba sa so a yi: kafin a ce wa wuri gandun daji, wa ke zaune a ciki? Serengeti makiyayar Masai ce, sunan ma daga harshensu ake cewa ya fito. A 1959 gwamnatin mulkin mallaka ta fitar da su, aka ce su koma Ngorongoro su zauna tare da namun daji. A lokacin mutanen yankin kusan dubu takwas ne, yanzu sun kusa dubu ɗari. Hukuma ta ce ƙasar ba za ta ɗauki wannan yawan mutane da shanu ba, ta hana noma a ciki, kuma tun 2022 take kwashe iyalai zuwa ƙauyen Msomera mai nisan ɗaruruwan kilomita. Ta ce da yardarsu ake yi. Masai da dama sun ce an tsuke musu asibiti da makaranta ne don su gaji su tashi. A shekarar ce kuma aka yi arangama a Loliondo, da aka shata murabba'in kilomita 1,500 aka hana kiwo a ciki.

Mu da muka san rikicin burtali da makiyaya ba sai an yi mana dogon bayani ba. A ganinmu hujjar hukuma tana da nauyi, domin yawon buɗe ido na cikin manyan hanyoyin da ƙasar ke samun kuɗin waje. Amma akwai abin dubawa idan aka ce bukkar makiyayi ta yi wa daji yawa, alhali ana ƙara gina otal-otal a gefensa, kuma motocin baƙi sukan yi wa zaki ɗaya zobe. Hoton Bamasaye da jan mayafi da sanda shi ake sawa a bangon talla, shi kuma ake cewa ya kwashe shanunsa.

Su ma dabbobin ba su tsira ba. Ƙidayar gwamnati ta nuna giwayen Tanzaniya sun faɗo daga kimanin 109,000 a 2009 zuwa kimanin 43,000 a 2014, saboda masu safarar haure zuwa Asiya. Ɓarnar ta fi muni a Selous, ƙaton dajin kudu da kogin Rufiji ya ratsa, har UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi da ke cikin haɗari a 2014. An tsananta tsaro, an ɗaure wasu manyan dillalai, kisan ya ragu. Sai kuma aka gina madatsar ruwa ta Julius Nyerere mai ƙarfin megawat 2,115 a tsakiyar dajin, aka sare itatuwa masu yawa. Masu kare muhalli sun yi ta kuka, ɗalibin da ke karatu da aci-balbal a ƙauyen Tanzaniya kuwa wuta yake jira.

Wanda Allah Ya nufa da zuwa wata rana, ya nemi tsakanin Yuni da Oktoba, lokacin da ruwa ya ɗauke dabbobi suka taru a bakin koguna. Kuma ya tafi da rigar sanyi. Ƙasar tana kudu da ikwaita, saboda haka Yulin da muke tsakiyar damina su lokacin sanyinsu ne, kuma a bakin kwarin Ngorongoro, mita fiye da 2,000 sama da teku, sanyin asuba ba ya kasa na hunturun Jos.